Sandar Kawu da Kofin Duniya na Ƙwallon Gora

A bayan ƙofar ɗakin kawuna a Zuru akwai wata sanda mai lanƙwasasshen kai da ta girme ni. Muna yara mun ɗauka ta korar awaki ce, domin ita yake rarumowa duk sa'ad da akuyar maƙwabta ta doshi shanyar dawa. Gefe ɗaya na kanta a shafe yake sumul, ɗaya gefen a kumbure, mariƙin kuwa an naɗe shi da robar tayar keke saboda fatar asali ta daɗe da cinyewa. Sai da na yi wayo na tambaye shi.

"Kawu, wane masassaƙi ne ya yi maka wannan aika-aikar? Ai a karkace take."

Ya yi dariya har da tari. "Kai yaro, wannan ba sandar kiwo ba ce. Da ita na yi wa bataliyarmu wasa a Kaduna, tun ubanka bai yi aure ba."

Ya sa aka miƙo masa ƙwallon goruba, ya jefa a tsakar gida, ya duƙa kamar mai shirin noma. Hannun hagu a sama yana murza sandar, na dama a ƙasa yana tallafe da ita, ƙwallon na kai-komo tsakanin dama da hagu kamar an ɗaure shi da zare. Tsohon da ke dogarawa kafin ya miƙe daga tabarma, ranar sai ga shi ya zagaye turmi, ya zagaye ni, ya aika ƙwallon cikin akurkin kaji. Ranar na fara ganin wasan hoki, wanda gidajen rediyo ke kira ƙwallon gora, kuma na daɗe ban sake ganinsa ba.

Wannan wasa yana da Kofin Duniya nasa na maza, an yi shi sau 15 tsakanin 1971 da 2023, na 2026 kuma an ba Beljiyam da Holan su ɗauki nauyinsa tare, a garuruwan Wavre da Amstelveen. Nijeriya ba ta taɓa zuwa ba ko sau ɗaya. Shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Zuru ka tambayi wa ke riƙe da kofin, za a dube ka kamar ka yi yaren aljanu, alhali yaran nan sun san sunan mai tsaron gidan Arsenal na uku. Tambayar da ke cina ita ce yadda aka yi wasan da talakawan sojoji da yaran ƙauye suka mallaka ya koma hannun ƙasashe masu kuɗi, da kuma ko akwai wata ƙofa da ta rage wa gari irin namu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum goma sha ɗaya-goma sha ɗaya ne kamar ƙwallon ƙafa, a fili mai tsawon mita 91.4 da faɗin mita 55. Ƙwallon ƙarami ne mai tauri, nauyinsa kusan giram 160, idan ya sami ƙaurinka sai ka tuna da kakarka. Da shafaffen gefen sanda kaɗai ake taɓa shi, shi ya sa kawu ke murza hannu, kuma babu sandar bahago, kowa da irin ta dama yake wasa. Ba a ci sai an taɓa ƙwallon a cikin da'irar da ke gaban raga. Ana yin zango huɗu, kowane minti 15, ana sauya 'yan wasa a kowane lokaci ba iyaka, satar gida kuwa an soke ta tun shekarun 1990. Kati uku ne: kore na fitar minti biyu, rawaya na aƙalla minti biyar, ja na sallama. Abin da ya fi tayar da tsikar jiki shi ne gajeriyar kwana, inda masu tsaro huɗu da mai tsaron gida ke tsayawa a bayan layi, a turo ƙwallo daga gefe, wani ya tare, wani ya ja shi da sanda ya wurga da gudun da ya wuce na mota a kan babban titi. Sohail Abbas na Pakistan ya ci wa ƙasarsa ƙwallaye 348, mafi yawansu ta wannan hanya.

Turawan Ingila ne suka tsara dokokin wasan a ƙarni na 19, amma barikin soja ne ya kai shi duniya. A Indiya ya sami gida. Dhyan Chand, wanda har gobe ake ce wa gwanin gwanaye, a matsayin ƙaramin soja ya shiga aiki tun yana matashi. Indiya ta ci zinaren gasar Olamfik sau shida a jere daga 1928 zuwa 1956, a wasan ƙarshe na Balin a 1936 ta lallasa Jamus 8 da 1 a gidanta. Pakistan ce ta katse mata hanzari a Rum a 1960. Shekaru kusan hamsin, idan ana zancen hoki, zancen waɗannan maƙwabta biyu ake yi, waɗanda ba sa ga maciji da juna.

Shi kansa Kofin Duniyar daga Pakistan ya fito. Wani babban hafsan sojan sama, Nur Khan, shi ya kai shawarar gaban hukumar hoki ta duniya, FIH, wadda aka kafa a Faris a 1924. An shirya yin na farko a Lahore a 1971, sai rikicin da ya haifar da ƙasar Bangladash ya taso, zuwan 'yan wasan Indiya ya zama abin faɗa, aka kwashe gasar zuwa Basalona ta Sifaniya. Pakistan ta bi kofinta har can ta doke masu masaukin baƙi da ci ɗaya mai ban haushi. Kofin ma kyautarta ce, an ƙera shi da azurfa da zinare da hauren giwa, nauyinsa ya haura kilo 11. Holan ta ɗauka a gida a 1973, Indiya ta ɗauka a Kuala Lumpur a 1975 bayan ta doke Pakistan 2 da 1 (Ashok Kumar, ɗan Dhyan Chand, shi ya ci ƙwallon nasara), sannan Pakistan ta ɗauka sau biyu a jere, 1978 da 1982. Cikin gasa biyar na farko, huɗu sun tafi yankin nan guda.

A nan ne labarin ya juya, kuma abin da ya juya shi yana ƙarƙashin ƙafa. A gasar Olamfik ta Montreal a 1976 aka fara buga hoki a kan shimfiɗar roba maimakon ciyawa. New Zealand ta ci zinare, Indiya ta zo ta bakwai. Ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, sun ƙaurace wa wannan gasa ne saboda 'yan zari-rugar New Zealand ɗin sun je wasa Afirka ta Kudu ta zamanin wariya, to ka ga yadda duniya ke yi wa mutane dariya. Kofin Duniya bai hau shimfiɗa ba sai a Landan a 1986. Ƙasashe 12 suka shiga. Pakistan, mai riƙe da kofi, ta zo ta 11. Indiya ta zo ta 12.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A kan ciyawa ko ƙasa ƙwallo yana tsalle, yana kaucewa, ba ka san inda zai nufa ba, saboda haka mai laushin wuyan hannu da saurin ido shi ne sarki, irin abin da kawu ya nuna mini a tsakar gida. A kan shimfiɗa, musamman idan an jiƙa ta da ruwa, ƙwallo yana tafiya a miƙe kamar harsashi. Doguwar miƙa ba ta ɓata, tarewa ta yi sauƙi, wasan ya koma na gudu da ƙarfin huhu da tsarin da aka haddace a allo. Yaron Holan yana fara taka shimfiɗa yana ɗan shekara shida a kulob ɗin unguwarsu. Yaron Punjab a wancan zamani sai ya kai sha takwas ko ashirin kafin ya ganta, ya zo yana koyon wasan da ya riga ya iya daga farko. Ita shimfiɗar kuwa, a kuɗin yau, maganar ɗaruruwan miliyoyin naira ake yi, tana shan dubban litocin ruwa kafin wasa da lokacin hutu, kuma bayan shekara goma ko ƙasa da haka ta ƙone a rana sai an sake wata. Sandar ma ta tashi daga icce ta koma ta haɗin sinadarai mai tsada. Kayan mai tsaron gida kaɗai sun isa sadakin aure da lefe.

Ba na son in ɗora wa roba laifin komai, domin masu yin haka suna sauƙaƙa wa shugabanni ne. Pakistan ta ci zinaren Olamfik a kan shimfiɗa a 1984, ta kai wasan ƙarshe a Lahore a 1990, ta kuma ɗauki kofi na huɗu a Sidni a 1994 ƙarƙashin Shahbaz Ahmed. Abin da ya kashe ta daga baya na cikin gida ne: rigimar shugabanci, bashin alawus, da janyewar ma'aikatu irin kamfanin jirgin sama da kwastan da bankuna, waɗanda a da suke ba ɗan wasa aikin yi don ya riƙa buga musu. Ga kuma kurket da ya kwashe yara da masu talla. A 2010 ta zo ta ƙarshe, a 2014 da 2023 ko gurbi ba ta samu ba. Ƙasar da ta ƙirƙiro kofin, wadda zuwa 2023 ta fi kowa yawan ɗaukarsa, a waɗannan shekaru biyu a talabijin ta kalla kamar mu.

Daga 1998 zuwa 2023 kofin bai bar hannun ƙasashe huɗu ba: Holan, Jamus, Ostireliya da Beljiyam. Zuwa 2023, ukun farko kowace tana da uku-uku. Beljiyam ita ce abin lura, ƙasar da mutanenta ba su kai na Jihar Kano ba, wadda a shekarun 1990 ba a lissafa ta ko a cikin manyan Turai. Suka zauna suka tsara horon yara daga ƙasa, suka haƙura da jira, sai ga azurfar Olamfik a 2016, Kofin Duniya a 2018, zinare a Tokyo. A wasan ƙarshe na ranar 29 ga Janairu 2023 a Bhubaneswar sun fara jan Jamus da ci biyu, Jamusawa suka farke, aka tashi 3 da 3, Jamus ta ɗauka a bugun raba gardama 5 da 4. Karo na uku ke nan a jere a gasar da Jamus ta farfaɗo bayan an ci ta biyu, domin haka ta yi wa Ingila da Ostireliya. A hoki bugun raba gardama ba tsayawa ake yi a buga ba, ɗan wasa yana tasowa da ƙwallo daga layin mita 23, an ba shi daƙiƙa takwas ya yaudari mai tsaron gida. Na kalli wannan a waya, ni kaɗai, a bakin shagon mai caji, yara suna leƙowa suna tambaya ko wasan kwamfuta ne saboda shuɗin filin.

To ina Afirka a duk wannan? Mafi girman abin da nahiyar ta taɓa yi a Kofin Duniya shi ne na farkon: Kenya ta zo ta huɗu a 1971, da tawagar da akasarinta jikokin Indiyawan da suka zauna a can ne, ƙarƙashin Avtar Singh Sohal. Gana ta ci Kofin Afirka na farko a Alƙahira a 1974, ta je Kuala Lumpur a 1975. Duk wannan a zamanin ciyawa ne. Masar ta karɓi ragama a 1983 da 1989, daga 1993 kuwa, da aka dawo da Afirka ta Kudu cikin wasanni, kofin nahiyar ya zama kamar gadonta. Tun da zakaran Afirka ne ke da tabbacin gurbi cikin ƙasashe 16 na Kofin Duniya, sauran sai su yi ta faɗan na biyu da na uku. Ita kanta Afirka ta Kudun da kyar take numfashi idan ta fita waje, ko da yake ta ba Jamus mamaki 4 da 3 a gasar Olamfik ta Tokyo. Wulaƙancin da ya fi yi mini ciwo shi ne na 2016: 'yan wasanta sun ci gasar share fage ta Afirka, amma hukumar Olamfik ta ƙasarsu ta ƙi kai su Rio, a ganinta cin Afirka bai isa shaidar ƙwarewa ba. A wasannin Afirka na Akara a Maris 2024 ma janye tawagoginta ta yi, ta ce shimfiɗar filin ba ta yi ba. Filin nan sunan Theodosia Okoh yake ɗauke da shi, matar da ta zana tutar Gana, ta kuma shugabanci hoki a ƙasar shekaru masu yawa.

A wannan fili ne, a Janairun 2022, 'yan wasan Nijeriya maza suka doke Kenya suka ɗauko tagulla a Kofin Afirka, bayan Afirka ta Kudu da Masar. Mutum nawa ne suka ji labari a jiharmu ta Kebbi? Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙashin bayan hokin Nijeriya yana da ƙarfi a Arewa. Cikin ƙungiyoyin da ake jin sunansu a gasar ƙasa akwai Kada Stars ta Kaduna, da Yobe Desert Rollers, da Niger Flickers ta Minna, ga ta 'yan sanda. Sanata Abdul Ningi na Bauchi ya taɓa shugabantar hukumar wasan ta ƙasa. Akwai shimfiɗa a filin wasa na ƙasa a Abuja, inda Masar ta doke Afirka ta Kudu a wasannin Afirka na 2003, akwai wata a Dandalin Murtala a Kaduna. Amma a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, filayen da suka cancanci a kira su filaye ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Yadda wasan ya shigo mana ma ta hanyar da ya bi ko'ina ne, bariki da makarantar kwana. Kwalejin Horon Hafsoshi ta Kaduna da aka buɗe a 1964, kwamandanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya Varma, kuma a shekarun 1970 da 1980 makarantun sakandaren Arewa cike suke da malaman Indiya da Pakistan. A makarantar da na yi, na tarar da ragowar wannan zamani: wani ɗakin ajiya a bayan ofishin malamin wasanni, sanduna kusan talatin a jibge, gara ta ci rabinsu, babu mai iya gaya mana yadda ake riƙe su. Ɗaliban aji shida da su suke korar mu zuwa shara.

Yanzu bari in kai mai karatu wurare biyu a Indiya, domin su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko ƙauyen Sansarpur ne a Punjab, wanda ke manne da barikin sojan Jalandhar. Yaran ƙauyen suna leƙen sojoji suna wasa, suka sari rassan itace suka kwaikwaya, iya wasa kuma ya zama hanyar samun khaki. Wannan ƙauye guda ya fitar da 'yan wasan Olamfik 14, a gasar Meziko ta 1968 kaɗai mutum bakwai 'yan asalinsa ne suka buga, biyar wa Indiya, biyu wa Kenya.

Na biyun ya fi kama da mu. Gundumar Sundargarh ce a Jihar Odisha, ƙasar duwatsu da daji, mazaunanta ƙananan ƙabilu ne manoma waɗanda manyan birane ke yi wa kallon ƙauyawa. Makarantun mishan suka kai musu wasan, su kuma suka mai da shi nasu. Yaro yana saran gora, ya gasa kanta a wuta ya lanƙwasa, ya sami ɗan itace mai tauri ya zama ƙwallo, a buga ba takalmi a fegin da aka share. Bayan girbi ƙauyuka suna shirya gasa, kyautar wanda ya ci taure ne, a yanka a ci tare da waɗanda aka doke. Daga nan Dilip Tirkey ya fito, ya buga wa Indiya wasa fiye da 400, ya riƙe kyaftin, daga baya ya zama shugaban hukumar hoki ta ƙasar. Sai da aka yi shekaru ana wannan kafin gwamnatin jihar, a ƙarƙashin Naveen Patnaik, ta sa kuɗi: ta ɗauki nauyin tawagogin ƙasa daga 2018, ta karɓi Kofin Duniya sau biyu a jere, ta gina filin Birsa Munda mai cin mutum 20,000 a Rourkela, ta shimfiɗa roba a ƙananan hukumomin gundumar. Indiya ta dawo ta ci tagullar Olamfik a Tokyo, lambarta ta farko tun 1980, ta maimaita a Faris a 2024. A lura da jerin: taure ya riga shimfiɗa zuwa. Mu kuwa a nan kullum daga shimfiɗa muke farawa, a gina ta don bikin mako biyu, a ɗauki hoto, a kulle ƙofa, rana ta gama da ita.

Duk wanda ya san ƙasar Zuru zai ga abin da nake hangowa. Da wuya ka sami gida a Dabai ko Fakai ko Danko ko Wasagu ko Sakaba da ba a rataye hoton wani cikin khaki ba. Garin da ya ba Nijeriya Janar Ishaya Bamaiyi, babban hafsan sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, wanda kuma Manjo Janar Muhammadu Sani Sami ya yi wa sarauta shekaru masu yawa, ba baƙo ba ne a bariki, ga barikin ma a cikin gari. Dakarkari da maƙwabtansu mutanen kokawa ne, saurayi ba ya cika saurayi sai an gan shi a fage. Wanda ya yi golmo, ya shekara bakwai yana duƙe a gonar surukai, ba za a koya masa juriya ba, kuma (rabi wasa, rabi gaskiya) hoki wasa ne da ake yinsa a duƙe daga farko har ƙarshe, bayan da ya saba da fartanya ba zai yi kuka ba. Muna da lokacin bayan girbi, muna da bikin Uhola da ke tara jama'a, muna da al'adar gari ya kara da gari. Abin da Sansarpur da Sundargarh suka mallaka a farkonsu bai wuce wannan ba.

Na san abin da za a ce, domin wani abokina malamin firamare ya riga ya faɗa mini a fuska. "Malam, mutane suna gudun hijira daga ƙauyukansu, manomi ba ya iya zuwa gona, azuzuwa ba rufi, kai kana zancen sandar wasa?" Gaskiyarsa. Wanda ya kwana yana sauraren ƙarar babura a daji ba ya tunanin gajeriyar kwana, kuma duk gwamnan da ya kwashi ɗaruruwan miliyoyi ya shimfiɗa robar da ke shan ruwa a garin da mata ke layi a bakin burtsatse, ni zan fara zaginsa. Akwai kuma hujja ta biyu da ta fi wannan nauyi: ƙwallon ƙafa ba ya buƙatar komai sai ƙwallo ɗaya da duwatsu huɗu, kuma yaro yana iya mafarkin Turai da shi. Hoki ba ya sa mutum ya yi arziki, ko a Jamus yawancin 'yan wasan ƙasa ɗalibai ne ko ma'aikata. Me zai sa yaro ya bar wancan ya kama wannan?

Amsata ita ce cunkoso. Yara miliyoyi ne ke rububin ƙofa ɗaya a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan Zuru yana can ƙarshen layi, bayan 'yan Legas da Kaduna da Jos masu makarantun horo da dillalai. A hoki layin gajere ne ƙwarai. Makarantu biyar da suka dage shekara shida suna iya fitar da tawagar da za ta wakilci Kebbi a Bikin Wasanni na Ƙasa, daga nan zuwa rigar Nijeriya taku kaɗan ne. Ribar ba miliyoyin fam ba ce, irin wadda gidajenmu suka sani ce: gurbin karatu, aikin soja ko ɗan sanda ko kwastan ta hanyar wasanni, fasfo da ganin duniya. Ga matashin da zaman banza ke jira a bakin tasha, wannan ba abin rainawa ba ne.

Ita ma FIH ta fara gane cewa ta kulle kanta a ɗakin masu kuɗi. Tana matsa wa kamfanoni su ƙero shimfiɗar da ba ta buƙatar ruwa, ta kuma fito da ƙaramin wasa na mutum biyar-biyar, a fili da bai kai rabin babban ba, kewaye da katako don kada ƙwallo ya fita, ana iya buga shi a kan siminti ko daɓe ko duk wani wuri mai laushi. An yi Kofin Duniyarsa na farko a Maskat ta ƙasar Oman a Janairun 2024, Holan ta ɗauka a ɓangaren maza. Nijeriya tana cikin ƙasashe 16 da suka buga, rukuni ɗaya da Holan da Pakistan da Folan. Masu tsattsauran ra'ayin wasan suna ce masa hokin yara, kuma ba zan ɓoye ba, bai kai babban daɗin kallo ba. Amma ta dalilinsa tutarmu ta tashi a wata gasa mai suna Kofin Duniya a wannan wasa, kuma filin da ake buƙata bai fi dandalin taron safe na makarantar firamare ba.

Saboda haka ba na kiran kowa ya kawo mana shimfiɗa. Kirana ga shugabannin makarantun sakandaren masarautar nan ne, da sashen wasanni na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, da ƙungiyar tsofaffin sojoji, da manyan hafsoshinmu masu ritaya da ke neman abin da za a tuna su da shi. A buɗe ɗakunan ajiyar nan a fito da abin da gara ta rage. A nemi koci ɗaya daga Kaduna ko Minna ya yi hutun dogon zango yana koya wa malaman wasanni. A ba masassaƙan kasuwa sanda guda su kwaikwaya, wanda ke fitar da ƙotar gatari ba zai gagara fitar da wannan ba. A sa gasa tsakanin masarautun nan biyar na Dabai, Fakai, Danko, Wasagu da Sakaba a makon Uhola, wani mai hali ya sayi taure. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tsofaffin da suka iya murza sandar nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya rasu shekara huɗu ke nan. Sandar tana hannuna, duk malamin wasannin da ya shirya farawa ya zo ya karɓa ya kai wa masassaƙi.